Kowace Wuta da Ƙofarta

A ƙarƙashin rediyon wata tsohuwar mota da ke kai da kawowa tsakanin Tanut da Balbeji akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai tsawon taƙi guda, an ɗaure shi da kusoshi huɗu. A jikinsa an jera makunnai biyar, kowanne da ƴar fitilarsa ja a bisa, a ƙarshen layin kuma akwai rami na shida da aka toshe da roba. Fasinjoji kan ɗauka ado ne, irin na direbobin da ke liƙa furanni da madubai a gaban mota. Mai motar ba ya gyara musu zance. Tsohon malamin lakkwal ne, ya yi shekara talatin da ƴan kai yana riƙe da alli, har yau kuma manya da yara Mushe suke ce masa. Kaɗan ne daga cikinsu suka san abin da faifan nan ya ci masa kafin ya hau motar.

Da kuɗin sallamarsa ya saye ta, ya haɗa da na bijimai biyu da ya kai kasuwa. Mai buɗaɗɗen baya ce, daga jerin Land Cruiser 70 da kamfanin Toyota ya fara ƙerawa a 1984, injinta na gazuwal mai silinda shida, irin wanda makanikan ƙasar ke so domin ba shi da kwamfuta, ana iya buɗe shi a gindin aduwa a gyara. Ya ba ɗan ƙanwarsa tuƙi, shi kuma ya riƙe littafin lissafi. Tanut tana kan babbar hanyar Damagaram zuwa Agadas, wajen kilomita 150 arewa da Damagaram. Balbeji kuwa tana yamma, kusan kilomita 100, kuma a 2011 ne aka cire ta daga Tanut ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Abin da ke tsakanin garuruwan biyu shi ne tuddan rairayi, da gonakin hatsi, da kwarin Tarka, da ƙauyukan da in mutum ya bar ɗaya sai ya yi tafiya mai tsawo kafin ya hango rumbunan na gaba.

Damargu ta daɗe da sanin matafiya. Ita ce rumbun Abzin tun zamanin ayari, a nan Buzaye ke sauke gishiri su ɗauki hatsi. A watan Janairu na 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya sauko ƙasar tare da ayarin gishiri, kuma a nan ne abokin tafiyarsa Richardson ya ware ya nufi Damagaram. Madugan wancan zamani suna da wata ƙa'ida da ba a rubuta ba: ba a zuba ruwan ayari a salka ɗaya. A kan raba shi salka salka, a rataya wa raƙuma dabam dabam, domin in ƙaya ta huda ɗaya sauran su kai mutane rijiya. Mushe ya sha ba yara wannan labari a darasin tarihi, yana jin daɗin hikimar magabata, bai taɓa kawo wa ransa cewa zancen ya shafi motarsa ba.

A hankali kaya suka taru a jikin motar. Direba ya ce fitilun gaba ba sa nuna ramuka da dare, aka ƙara manyan fitilu biyu a kan ƙarfen gaba. Aka sa rediyo mai cin kati. Da bazara ta yi tsanani aka ɗaura ƴar fanka. Aka rataya ƙwan fitila a baya saboda lodi da asuba. Wayar salula ta cika ƙauyukan da ba su da lantarki, sai aka jera ramukan caji, domin fasinja ya fi son motar da zai sauka daga cikinta da waya cike. A ƙarshe aka sayi injin hura taya, wanda a ƙasar rairayi ba a ɗaukarsa abin alatu, tunda dole a rage iskar taya kafin a shiga yashi, a mayar da ita in an fito. Kowane abu da hannun da ya sa shi, wannan a tasha, wancan a bakin kasuwa, kuma kowane hannu ya bi hanya mafi sauƙi: ya nemi wayar da ke kawo wuta in an murɗa makulli, wato ta ramin kunna taba, ya feƙe ta ya murɗa tasa a kai, ya naɗe da salatif. Fizibil ɗin da ke tsaron wayar, ɗan siririn ƙarfen nan da aka yi musamman don ya narke in wuta ta yi yawa, ya riƙa tsinkewa. Da ya tsinke karo na huɗu wani mai dabara ya maye gurbinsa da zaren jan ƙarfe. Daga ranar bai sake damun kowa ba, aka yaba wa mai dabarar.

Wata shekara, a jajibirin jarrabawar BEPC, aka roƙi Mushe ya taimaka ya ɗauko ɗalibai shida daga wani ƙauye da ya taɓa koyarwa, ya kai su Tanut inda za su zauna jarrabawar. Ya ce ba zai karɓi ko dala ba, shi da kansa ma zai bi motar. Maza biyar ne da mace ɗaya. Uban yarinyar ya daɗe yana jan ƙafa game da karatunta, Mushe ne ya yi ta sintiri gidansa shekara da shekaru yana neman a ƙara mata lokaci. Iyaye suka tsaya addu'o'i da ɗaurin guzuri, ba a tashi ba sai bayan magariba. Bayan tafiyar awa biyu suka ratsa wani yashi mai laushi da taya a sace, suka fito kan tsandauri, direba ya tsaya don a mayar da iska. Inji yana aiki, manyan fitilu a kunne, fanka tana juyawa, rediyo yana magana, fitilar baya tana haska wa yaran littattafansu, wayoyi shida suna shan wuta. Aparanti ya jona injin hura taya.

An gama taya ɗaya, ana cikin ta biyu, Mushe ya ji ƙaurin roba. Kafin ya buɗe baki hayaƙi ya turnuƙe daga ƙarƙashin sitiyari, fitilu suka dushe suka mutu, inji ya yi shiru. Direba ya yi ta maza, ya buɗe murfin inji ya fizge kan batiri da filaya, aka watsa rairayi a inda ke ci. Motar ba ta ƙone ba. Amma wayar da ta narke ta ɗamfare da ƴan uwanta a cikin damin wayoyin, har da wadda ke buɗe wa gazuwal hanya zuwa inji. Injin gazuwal ba ya buƙatar tartsatsi, sai dai in wannan waya ɗaya ta mutu ba ya shan mai, balle a tura shi ya tashi, ko da akwai mai iya tura mota cikin yashi. Babu hanyar sadarwa a wurin. Suka kwana. Yaran suka yi ta bita da tocila har ta mutu, yarinyar tana gefe tana maimaita ƙa'idojin lissafi a hankali kamar mai jan carbi. Sai da hantsi ya ɗaga wata motar ƴan kasuwa ta biyo ta kwashe su. Da suka isa an daɗe da rufe ƙofa, an gama takardar farko ana shirin ta biyu.

Uku daga cikin mazan sun sake zama a shekarar da ta biyo. Yarinyar ba ta sake ba, an ɗaura mata aure bayan girbi. Babu wanda ya zargi Mushe, uban ma har gida ya zo ya yi masa godiya, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Godiyar nan ta fi zagi yi masa ciwo.

Da aka jawo motar gari, sai aka ce ya kai ta wurin wani mai gyaran wutar mota da ke da rumfa a bayan tasha. Mushe ya gane shi tun daga nesa. Ɗalibinsa ne na dā, wanda ya maimaita aji har sau biyu aka sallame shi, kuma Mushe ne ya sa hannu a takardar. Yanzu ya yi furfura a gemu, yana da yara uku a ƙarƙashinsa. Ya durƙusa ya gaishe da malaminsa, sa'an nan ya kwanta a ƙasan sitiyari ya daɗe bai ce komai ba. Da ya fito ya miƙa masa zaren jan ƙarfen, ya yi baƙi amma bai tsinke ba.

"Mushe, kun ga mai laifin. Shi ya ƙi mutuwa, sai mota ta mutu a madadinsa."

Ya jawo benci ya yi masa bayani da harshen da kowane manomin Damargu zai gane. Batiri rumbu ne, in ji shi, dinamo kuma gona. In inji yana aiki gona tana zuba wa rumbu, in ya tsaya sai ci kawai. "To ku, Mushe, kun tara gida shida a rumbu ɗaya, kun fasa musu ƙofa ɗaya, kun kuma kori mai gadi don ya cika tsawa. Yanzu kowa zai samu ƙofarsa da mai gadinsa. Wanda ya yi ɓarna, tasa kaɗai za a rufe."

Ya ce a kawo lissafin abin da kowane kaya ke ci. A nan Mushe ya ji ƙasa ta dawo ƙarƙashin ƙafarsa, ya karɓi guntun kwali da biro. Ƙa'idar ya san ta tun yana ɗalibi: a raba wat da bolt, a samu amfiya. Manyan fitilu biyu, kowace wat 100, a batiri mai bolt 12, sun kusa amfiya 17. Injin hura taya an rubuta 20 a jikinsa. Rediyo 5, wayoyin salula 5, fanka 3, fitilar baya 2. Ya haɗa, ya ja layi, ya rubuta 52. Wayar da aka ɗora wa wannan kaya duka, kamfani ya yi ta ne da fizibil mai amfiya 15. Ya kuma tuna abin da ke biye a littafi, cewa zafin waya yana ƙaruwa ne da ninkin wutar a kanta: in wuta ta ninka uku, zafi ya ninka tara. Ya zauna yana kallon kwalin. Lissafin bai ɗauke shi minti uku ba, kuma ya yi shekara biyu yana zaune kullum taƙi biyu daga wayar nan bai taɓa yin sa ba. Mai gyaran bai san sunan Ohm ba, Bajamushen da ya wallafa ƙa'idarsa a 1827, amma da ya duba jimlar sai ya ce shi ma hamsin ya ƙiyasta, daga kaurin wayar da yadda ta narke.

Zaɓen makunnan ya fi ɗaukar lokaci, kuma a nan ne suka fara saɓani. Mushe ya ce akwai makunnan ɗaki a kantin kusa, farare masu kyau, an rubuta amfiya 10 da bolt 250 a bayansu. Abin da ya ɗauki bolt 250 ai bolt 12 wasa ne gare shi. Mai gyaran ya girgiza kai. Ya ce ya sha ciro irinsu daga motoci, cikinsu ya ƙone ya manne, ba sa kashewa. Dalilin bai iya faɗa da kalmomin littafi ba, sai Mushe ne ya gano shi daga baya ya kawo masa. Wutar gida kai da komowa take yi, tana ratsa sifili sau ɗari a kowace daƙiƙa, don haka tartsatsin da ke tashi lokacin da makunni ya raba ƙarafansa yakan mutu da kansa. Wutar batiri kuwa gefe ɗaya ta nufa, ba ta tsayawa, tartsatsinta yakan ja tsawo ya ci ƙarfen kaɗan kaɗan. Saboda haka lambar da za a duba a bayan makunni ita ce wadda aka rubuta don wutar batiri, in babu ita a ajiye shi.

Sai da suka je Damagaram tare, wurin masu kayan mota da ke sarowa daga Kano. Mushe ya tsaya yana kallon tsohon ɗalibinsa yana jarraba kaya kamar mai sayen rago. Yakan ɗauki makunni ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya kai kunne ya danna: in ya ce ƙas da ƙarfi ya ajiye gefe, in ya tafi laɓo laɓo ya mayar. Yana da ɗan maganaɗisu a aljihu da yake kai wa ƙafafun makunnin, domin tagulla ba ta kama maganaɗisu, baƙin ƙarfen da aka shafa wa ruwan tagulla kuwa yana kamawa, kuma shi ne ke tsatsa ya yi zafi. Waya ma bai yarda da ita ba sai ya feƙe ya kankare da wuƙa. In cikin ya fito fari, sanholo ce aka yi wa rigar jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaskiya kuma girgiza tana karya ta. Makunnai masu faɗi da ake dannawa, masu kyan gani, ya ƙi su duka. Ya ce suna da tsaga ta kowane gefe, hunturu ɗaya ya isa ƙura ta cika su. Ya zaɓi masu ɗan sanda da ake turawa sama da ƙasa, waɗanda ke da hular roba a wuya. Mushe ya nuna masa wasu da aka rubuta IP65 a kwalinsu, ya ce lamba shidan nan tana nufin ƙura ba ta shiga. Mai gyaran ya ce madalla, amma kwali ba ya jin kunyar ƙarya, ya buɗe ɗaya ya duba robar da idonsa. Biyu daga cikin biyar ɗin ma ba sababbi ba ne, daga gawar wata tsohuwar babbar mota aka ciro su, kuma su ya fi amincewa da su. Kuɗin ya ninka abin da Mushe ya yi zato har uku. Ya biya bai yi ciniki ba, abin da ba halinsa ba ne.

Ga manyan fitilu da injin hura taya, makunni kaɗai bai isa ba, ko mai kyau ne. Aka sayi rele guda biyu, ƴan baƙaƙen akwatuna da ba su kai gidan ashana ba, masu ƙafafu huɗu da lambobin da Jamusawa suka tsara kuma duniya ta bi: 30, 85, 86, 87. Babbar wuta tana shiga ta 30 ta fita ta 87, ta waya mai kauri, can cikin ɗakin inji kusa da batiri. Makunnin da ke gaban direba ƴar wuta kawai yake aikawa ta 85 da 86, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba, ita ke jan ƙarfen ciki ya haɗa babbar. Ta haka amfiya 17 ba ta sake ratsowa ta kan gwiwar kowa. Mai gyaran ya ce rele ɗan aike ne: maigida ba ya ɗaukar buhu, magana yake yi a ɗauka.

Aikin ya ci kwana biyu. Abu na farko da aka yi shi ne cire kan batiri na mas, wanda ke haɗe da jikin mota, domin in shi aka fara cirewa ko sifana ta taɓa ƙarfe babu tartsatsi. Aka kafa ɗan akwatin fizibil taƙi ɗaya daga batiri. Mushe ya tambaya me ya sa ba a kai shi cikin mota inda hannu zai isa ba. Aka ce masa fizibil waya yake tsaro, ba fitila ba, kuma duk tsawon wayar da ke tsakaninsa da batiri ba ta da mai tsaro, don haka gara ta zama gajeriya. Kowane layi da nasa, gwargwadon kaurin wayarsa, kuma launi ke faɗin ƙarfinsa ga wanda bai iya karatu ba: kore 30 ga injin hura taya, fari 25 ga manyan fitilu, ja 10 ga wayoyin salula da wani jan ga rediyo, mai ruwan ƙasa 5 ga fanka da fitilar baya. Manyan layuka biyu aka ja su da waya mai kaurin milimita 4, ƙananan da mai ɗaya da rabi. Inda waya za ta ratsa ƙarfen da ya raba inji da mazauni, aka sa mata guntun tiyo, domin hanyar burji tana girgiza mota yini guda, bakin ƙarfe kuwa wuƙa ne mai haƙuri. Ba a murɗa ko waya ɗaya da hannu ba, kowace an matse mata kai da filaya an ja an ga ta riƙe. Inda za a ɗaure mas aka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli. Faifan kansa sau uku ana canza masa wuri, sai da aka sami inda gwiwar fasinja da ƙullin kayansa ba za su ture sanda ba, direba kuma zai kai hannu ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba.

Direban bai so abin ba, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. "Kawu, dā in na zare makulli komai ya mutu, in tafi in kwanta. Yanzu an ba ni ƙofa biyar in riƙa tunawa. Ran da na manta ɗaya fa?" Mushe ya sake ɗaukar kwali. Batirin yana ɗaukar amfiya 70 na awa guda. Fitilar baya da wayoyin salula, amfiya 7, in suka kwana awa goma a kunne sun shanye shi ƙaf, alhali batirin tayar da mota ko rabi aka sha ya fara wahala. Yaron yana da gaskiya. Sai aka raba kayan gida biyu. Fanka da injin hura taya ba sa samun wuta sai makulli yana buɗe. Manyan fitilu an ɗaure su da doguwar fitilar mota, in direba ya sauke ta su ma su mutu, kada ya makantar da masu tankokin man da ke fitowa daga matatar da aka buɗe a 2011 kusa da Bakin Birji in ya hau babbar hanya. Fitilar baya dole ta ci kai tsaye daga batiri, tunda da inji a kashe ake lodi. Kan wayoyin salula aka yi gardama. Mai gyaran ya so a ɗaure su da makulli. Mushe ya ƙi, ya ce a ƙauyen da babu lantarki, awa biyun da mota ke tsaye a kasuwa ita ce damar mutane. Aka bar su kai tsaye, da jar fitila mai haske a kan makunnin. Sau ɗaya direban ya manta, aka wayi gari batiri ba ya ko tari. A cikin gari ne, aka aro wani aka tayar. Mai gyaran da ya ji labari bai ce komai ba, ya dai yi murmushi ya ci gaba da abin da yake yi.

Saura rubutu. Mushe ya ɗauki fenti zai rubuta sunan kowane makunni da Faransanci, sai ya tuna aparanti makarantar allo ya yi, ajami yake karantawa, direba kuma bai wuce aji uku ba. Ya ce to a rubuta da Hausa, sai ya tsaya da buroshi a hannu. Ya yi shekara talatin yana zana wannan abu a allo, layi biyu da ƴar ƙofa a buɗe, bai taɓa kiransa da Hausa ba, har sai da wani yaron rumfar ya ce masa ai makunni ne. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, a 2025 kuma aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Tsakanin shekarun nan biyu an yi taruka da yawa na ƙirƙiro kalmomin kimiyya, kuma aiki ne mai amfani. Sai dai da masu taron za su riƙa ɗaukar littafinsu su zauna yini ɗaya a rumfar mai gyaran wuta, da sun tarar an riga su yin rabin aikin, da kalmomin da suka riga suka sha man inji suka zauna a bakin mutane. A ƙarshe an yi duka biyu: kalma da boko a sama, ɗan zane a ƙasa, rana ga manyan fitilu, da'ira ga taya. Cikin mako guda direban ya daina duba ko ɗaya, yatsansa ya haddace jerin.

Ramin na shida mai gyaran ne ya huda shi ba a tambaye shi ba, ya ja masa waya da gurbin fizibil ya bar su a naɗe. Ya ce ya san halin masu mota, wata rana za a so ƙara wani abu, gara a tarar da ƙofa a shirye da a koma feƙe ta maƙwabci. Direban ya daɗe yana neman a sa masa ham mai kiɗa a wurin. Mushe bai yarda ba tukuna.

Tun daga lokacin jan fizibil na wayoyin salula ya tsinke ba sau ɗaya ba, galibi saboda cajar araha da wani fasinja ya zo da ita. In ya tsinke wayoyi su yi shiru, fitilu suna nan, inji yana nan. Direba ya tsaya, ya ciro wani daga gwangwanin alewa da ke cikin aljihun mota, ya mayar wa mai cajar kayarsa, a ci gaba da tafiya. Duk shekara in jarrabawa ta zo Mushe yana ɗauko ƴan ƙauyen nan, sai dai yanzu kwana biyu kafin ranar yake zuwa, kuma da hantsi ake tashi ko an gama addu'a ko ba a gama ba.

Yarinyar takan shiga motar wani lokaci in za ta kai ɗanta awo. Tana gaishe shi da ladabi kamar dā, ta tambayi iyali, ba ta taɓa tayar da zancen daren ba, shi ma bai taɓa ba. In ta zauna sai ta kwance bakin zanenta ta ciro ƴar wayarta ta miƙo ta taga.

"Mushe, a taimaka a sa mini, ta kwana biyu a mace."

Ya karɓa, ya jona, ya tura sanda ta uku sama. Jar fitilar ta kama.